Ɗaya Cikin Biyar

Ranar da suka zo da tsani
Sheffield na yayyafinta na kullum.
Yaron kamfanin, Gethin, ya hau rufina,
ya kwantar da waya a tafin hannu yana neman kudu
kamar baƙon da ke laluben alƙibla.
Ya ce rufin ya ɗan karkata yamma,
amma zai yi.

Faranti goma suka jera mini,
baƙaƙe wuluk, suna sheƙi.
Na ce, nawa za su kamo?
Ya ce in haske biyar ya sauka
ɗaya ne zai bi waya ya shigo ɗaki,
huɗun su tarwatse,
wani ya koma sama, wani ya zama zafi a jikin gilas.

Ɗaya cikin biyar!
Ni da na yi awon gero a kasuwar Nguru,
in ka zuba mudu biyar aka miƙo maka ɗaya
ai sai a tara mutane.
Na dai sa hannu. Hannun na rawa.

Can gida rana dukan ƙeya take,
tun hantsi muke neman gindin bango,
ba wanda ya taɓa cewa a auna ta.
Yau ga ni da furfura, direban bas,
ina cin burodi a tasha lokacin hutu,
ina leƙen waya in ga cokali nawa ta zuba mini.

A Yuli aka yi kwana uku ana gumi,
maƙwabta suka baje a ciyawa kamar shanya.
Na ce yau za mu kwashi ganima.
Lambar ta tashi, ta tsaya, ta ƙi ƙarasawa.
Rumasa'u ta ɗago daga littafinta tana dariya:
"Baba, ba zafi yake ci ba, haske yake ci.
In ya ɗau zafi kasala ke kama shi,
kamar kai bayan tuwon rana."
Ta nuna mini wata Talata a watan Mayu,
sama garau, iska mai sanyi,
ranar da na fita da rigar ɗari ina mita.
Ashe ita ce ta fi kowace cika mudu.

Sai maganar inuwa.
Ƙarfe uku da 'yan mintoci
reshen bishiyar maƙwabcina ke miƙo hannu
ya dafa faranti na ƙarshe.
Ɗaya tak.
Amma igiya ɗaya ta ɗaure su,
in na baya ya ɗingisa
duk ayarin sai ya rage tafiya.

Na lissafa asarar a bayan ambulan,
na saka hula, na ƙwanƙwasa ƙofar Mista Ackroyd.
Ya zuba mini shayi mai madara.
Tun ban buɗe baki ba ya nuna taga,
ya ce Maureen ce ta dasa ta
shekarar da suka gama biyan kuɗin gidan,
kuma bana ta fi bara fure
ko da yake mai ita ba ta nan.
Na juya ambulan a aljihu.
Muka yi hirar tattabaru,
yadda suke ɓata mini gilas da kashi,
ya ara mini doguwar sandar goge taga.

Yanzu Disamba.
Rana na leƙowa kamar wanda ake bi bashi,
kafin ka ce sannu ta sulale.
Duk da haka jiya, wajen sha ɗaya,
gajimare ya ɗan yage,
na ruga na kunna butar shayi.
Mita ba ta motsa ba.

Na tsaya bakin taga, kofi na tururi.
Huɗun da suka kuɓuce mini
ga su can kwance kan rufin jama'a,
kan bayan wata kyanwa,
kan rassan Maureen da ba ganye.
Ɗayan kuwa
ina hura shi, ina kurɓa a hankali.